Gida Ma Magani Ne: Yadda Talakan Kwarin Haɗejia Zai Mallaki Muhallin da Ruwa Ba Zai Ci Ba

Mai karatu, kusan duk shekara idan watan Agusta ya raba tsakiya, labari ɗaya ne ke fitowa daga ƙasar Haɗejia: kogi ya tumbatsa, gonaki sun nutse, ɗakuna sun zube, an kwashe mata da yara zuwa azuzuwan firamare. Sai a kai musu shinkafa da tabarmi da gidan sauro. Da ruwa ya janye, maigida ya koma ya kwaɓa ƙasa, ya sake tayar da ɗaki a daidai inda na bara ya faɗi. An ga haka a 2010 da 2018 da 2020 da 2022, an kuma sake gani a 2024.

Wataƙila ka ce me ya haɗa likita da maganar gini. Abin da ya haɗa mu shi ne, yawancin cututtukan da ke cika asibitocin yankin a ƙarshen damina daga cikin gida suke farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan muhalli da lafiya a 2018, inda ta sa cunkoso a ɗaki da zafin ɗaki da haɗarin rauni a gida cikin abubuwan da ke sa mutum ciwo. Don haka tambayar yadda mai ƙaramin ƙarfi zai mallaki gida mai aminci a wannan kwari tambaya ce ta lafiya kai tsaye.

Me ya sa ruwa ke cin gidajen?

Kogin Haɗejia ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. An datse na farko da madatsar Tiga a 1974, na biyun kuma da madatsar Challawa a 1992. Daga nan ruwan ke gangarowa ta Ringim da Taura da Miga da Auyo, ya wuce Haɗejia, ya rarrabu zuwa fadamun Kiri Kasamma da Guri da Nguru. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ruwa ba ya gudu, kwanciya yake yi.

Kafin a yi madatsun, rassan kogin sukan ƙafe da rani. Yanzu kuwa akwai ruwa a cikinsu kusan duk shekara, wannan ne ya ba ciyawar kacala damar mamaye su. Kacala tana rage wa ruwa gudu, yashi da laka su kwanta, kogi ya cike. Idan ruwan damina ya zo da yawa bai sami hanya ba, sai ya fasa ya shiga gari. Shi ya sa gwamnatin jihar da Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are suke aikin yashe kogin da manyan injina, mutanen gari kuma suke cika buhuna da ƙasa suna ƙara wa jinga tsawo.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Ɗakuna da yawa da ke faɗuwa, kogi bai ma iso gare su ba. Ruwan sama ne na kwana biyu ko uku a jere. A Agustan 2022, a garin Balangu kaɗai da ke ƙaramar hukumar Kafin Hausa, gidaje fiye da 200 ne suka rushe. A shekarar, ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da muhallansu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fara yi wa ɓarna.

Yadda ɗakin ƙasa ke faɗuwa ba boyayye ba ne. Ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasar ta tsotse shi daga ƙasa zuwa sama, ta yi laushi. A sama kuma rufin soro ya sha ruwa ya ƙara nauyi a kan azara. Gindi ya raunana, kai ya yi nauyi, sai ginin ya zauna, galibi da dare lokacin da kowa yana ciki.

Cututtukan da gida ke jawowa

Na farko shi ne rauni. Wanda gini ya danne yakan samu karaya ko buguwa a kai ko zubar jini a ciki. Akwai kuma wani haɗari da ke ɓuya: idan ƙasa ta danne cinya ko ƙafa na sa'o'i, naman da ya mutu yana sakin guba cikin jini bayan an ciro mutum, gubar ta je ta toshe ƙoda. Mutum zai iya tashi yana magana, bayan kwana ɗaya ko biyu fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke.

Na biyu, amai da gudawa. Idan ruwa ya cika masai, abin da ke ciki yana malala zuwa rijiya da tsakar gida. A 2021 an samu mutum fiye da dubu ɗari da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi yawan masu cutar.

Na uku, zazzaɓin cizon sauro. Sauron da ke kawo maleriya yana shiga ɗaki da dare ne, kuma babbar ƙofarsa ita ce sararin da ke tsakanin saman bango da rufi. A wani gwaji da aka yi a Gambiya, aka buga sakamakonsa a 2009, sanya raga a tagogi da ƙofofi ko a silin ya rage sauron da ke shiga ɗaki da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yaran gidajen. Wani nazari na 2017 da ya haɗa bayanan ƙasashe 21 na Afirka ya nuna yaran da ke kwana a ingantaccen gida sun fi tsira daga ƙwayar cutar da kashi 9 zuwa 14 cikin ɗari.

Na huɗu, cututtukan cunkoso. Idan ɗaki biyu cikin uku sun faɗi, mutum goma ne za su koma kwana a ɗaya, ko iyalai da dama su haɗu a aji guda. Nan ne ƙyanda da mashaƙo da tarin fuka ke samun hanya. Idan rani ya shigo ba a gama gyara ba, sai sanƙarau. Jigawa ta sha fama da shi a shekarun baya-bayan nan, shi ya sa tana cikin jihohin da aka fara ba da sabuwar allurar rigakafinsa a 2024.

Na biyar, daɓen ƙasa. Yaro mai rarrafe yana wasa a kai, yana kai hannu baki, ga kashin kaji da na awaki. A jihar Coahuila ta ƙasar Meziko, gwamnati ta fara zuba wa gidajen talakawa daɓen siminti a shekarar 2000. Da masana suka bibiyi yaran, sun ga inda aka daɓe gida gaba ɗaya gudawa ta ragu da kusan rabi, tsutsar ciki da ƙarancin jini kuma sun ragu da fiye da kashi uku cikin huɗu.

Akwai kuma ciwon da ba a gani a awo. Magidancin da ke sayar da hatsi ko akuya duk shekara don ya sayi azara da kwano, abincin yaransa yake sayarwa, kuma ƙarshen wannan hanyar ita ce tamowa. Mai hawan jini ko ciwon suga da ruwa ya tafi da maganinsa da katinsa na asibiti yakan yi watanni bai koma ba. Uwar da ke kwana zaune duk daren da hadari ya haɗu, tana kallon bango, ita ma tana ɗauke da nata ciwon.

Shirye-shiryen da ake da su, da waɗanda suke kaiwa gare su

Ba a rasa shirye-shiryen gidaje ba. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a zuba, sannan Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi bashi da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya har tsawon shekara 30. A Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin rukunin gidaje na Renewed Hope. A Jigawa ma, gwamnatin Malam Umar Namadi da ta hau mulki a 2023 ta shiga aikin gina gidaje 1,500 a Dutse da wasu manyan garuruwan jihar. Waɗannan ayyuka suna da amfani, musamman ga malamin makaranta da ma'aikacin jinya da ke fama da haya.

Sai dai mu yi lissafi tare. A ce ƙaramin gida ya tsaya a kan naira miliyan 8. Idan aka raba shi a shekara 30 da kuɗin ruwa kashi 6, biyan wata zai kai kusan naira 48,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan gidan zai cinye fiye da kashi biyu cikin uku na albashin. Wannan fa ga mai albashi ke nan. A ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar ta 2019, kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna ƙasa da layin talauci.

Manomin Auyo ko masuncin Guri katanga uku yake tararwa.

Ta farko, ba shi da albashin wata. Kuɗinsa da kaka yake zuwa, ko bayan girbin shinkafa da alkama na rani, ko lokacin su. Tsarin da ke neman a biya kowane ƙarshen wata ba don shi aka yi shi ba.

Ta biyu, ba shi da takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Amma akasarin gidajen ƙauye gado ne, shaidarsu mai unguwa da maƙwabta. Banki ba ya karɓar wannan a matsayin jingina.

Ta uku, kuɗin ruwa. Mutane da yawa a yankin ba za su karɓi bashi mai riba ba ko da kashi ɗaya ne, saboda addininsu. Duk shirin da ya kau da kai daga wannan ya rufe wa jama'a ƙofa tun kafin ya buɗe.

Akwai kuma waɗanda katangar ta fi yi wa tsawo: matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a gidan gandu, Fulanin da suka shekara da shekaru a ruga ba tare da wata shaida a rubuce ba, masunta da ke zaune a bakin ruwa, Mangawa da Badawa na ƙauyukan Birniwa da Guri masu nisa da ofisoshi, kutare da makafi da guragu. Fom ɗin da aka rubuta da Turanci, aka ce a cike shi ta intanet, da wuya ya kai gare su.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Bayan ambaliyar 2022 a Pakistan, gwamnatin lardin Sindh da tallafin Bankin Duniya ta ɗauki aniyar sake gina gidaje kusan miliyan biyu. Ba ta ba 'yan kwangila su gina rukunin gidaje ba. Kowane iyali aka buɗe masa asusun banki, ana zuba masa rupi 300,000 kashi-kashi: idan ya gama harsashi aka duba aka ga ya yi daidai, sai a saki kashi na gaba. Mai gida ne ke gina abinsa, tare da magina da aka horar. An kuma haɗa da ba da takardun mallakar fili, da yawa da sunan mata.

A Bangladesh, a tsibiran yashi na kogin Jamuna, wani shirin tallafi ya taimaka wa dubban iyalai matalauta suka tayar da dandamalin ƙasa, tsawon santimita 60 sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, suka ɗora ɗakuna da masai da turken dabbobi a kai. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin, aka biya su lada.

Darasin guda ne: kuɗi kaɗan a hannun iyalai masu yawa, tare da ƙa'idar gini da mai dubawa, sun fi kai wa ga talaka fiye da kuɗi masu yawa a gidaje kaɗan.

Abin da zai dace da ƙasar Haɗejia

*Fili a kan tudu, da takarda.* Ga ƙauyukan da ruwa ke ci duk shekara, a yanka filaye a tudu mafi kusa, inda mutum zai iya zuwa gonarsa ko mashigin jirginsa ya dawo a yini. An sha ganin mutane sun ƙi tashi ko sun koma tsohon wuri, ana cewa taurin kai ne. Ai wanda aka raba da gonarsa an raba shi da abincinsa. A bar masa tsohon wurin ya noma, a ba shi takardar sabon da sunansa. A kai rijiyar burtsatse da magudana da hanya kafin a ce mutane su tare.

*Gini mai ƙafa da hula.* Ba dole sai an yi gida duka da bulo ba. Wuri biyu ruwa ke kama ɗaki: gindi da kai. A tayar da dandamali sama da alamar ruwan da ya fi kowanne, a yi harsashi da sahun farko na bango da dutse ko bulon siminti, a shimfiɗa leda mai kauri don hana danshi hawa, sannan a ɗora tubalin ƙasa. Akwai tubalin da ake matsawa da inji a haɗa da ɗan siminti, wanda Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya ta daɗe tana tallatawa. Rufi ya zama mara nauyi, bakinsa ya zarce bango sosai. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa suke yaɓe da makuba, suke gyara indararo kafin ruwan fari. A tuna kuma, ɗakin bulo da kwano ba silin, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, tanda ne ga jariri da tsoho. Bangon ƙasa mai kauri ya fi shi sanyi.

*Abubuwa huɗu da likita zai nace a kai.* Daɓen siminti. Toshe sararin da ke tsakanin bango da rufi, da raga a tagogi biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. Masai da aka ɗaga bakinsa, mai murfi, nesa da rijiya. Madafi a waje ko mai mafitar hayaƙi, saboda hayaƙin itace na cikin abubuwan da ke jawo wa yara ciwon haƙarƙari.

*Biya daidai da kaka.* A fara da ɗaki ɗaya mai ƙarfi da masai, wanda iyali za su fake a ciki ko da sauran sun faɗi, a ƙara wasu a hankali kamar yadda aka saba. Biya ya zama sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyin manoma da masunta da na mata masu adashi. A yi amfani da hanyoyin da ba ruwa, irin su murabaha, wato a sayo maka kayan gini a sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ko ijara, wato haya har ka mallaka. Bankuna irin su Jaiz suna aiki da waɗannan hanyoyi tun 2012. Marayu da gajiyayyu kuwa nasu kyauta ne, daga gwamnati da zakka da waƙafi.

*Zaɓen masu amfana a bainar jama'a.* A karanta sunaye a ƙofar dagaci, a manna a masallaci da asibiti, a ware kaso na zawarawa da naƙasassu da makiyaya. Masarautar Haɗejia, da ƙananan hukumominta takwas, tana da hakimai da dagatai da suka san wanda ɗakinsa ya faɗi da wanda bai faɗi ba. Idan aka bar jerin a aljihun ɗan siyasa, gidajen za su ƙare a hannun masu gidaje.

Za ka iya cewa ina kuɗin yin wannan duka. Gaskiya ne aikin ba mai araha ba ne, kuma ba zai maye gurbin yashe kogi da gyaran jinga da sanar da mutane kafin a saki ruwan madatsa ba. Amma kuɗin ana kashe su tun yanzu: a kayan agaji na kowace shekara, a ruwan ƙarin jiki da maganin maleriya, a makarantun da ake rufewa don sun zama sansani. Abin da ake nema shi ne a karkatar da wani kaso daga bayan ɓarna zuwa gabanta.

Abin da za ka iya yi kafin damina

- Nemi alamar da ruwa ya bari a bango ko bishiya a shekarar da ya fi yawa. Duk sabon ginin da za ka yi, dandamalinsa ya haura ta.
- Idan ƙarfinka ɗaki ɗaya ne, zuba shi a ɗakin da yara ke kwana: gindi mai ƙarfi, daɓe, raga.
- Tona wa ruwa hanya ya fita daga tsakar gida. Kada ka bari ya kwana a gindin bango. Rage ƙasar da ta taru a kan rufin soro.
- Idan ka ga bango ya tsage, ko ya yi ciki, ko danshi ya haura gwiwa, ko azara ta fara ƙara, a fitar da kowa a daren nan.
- Wanda gini ya danne, a kai shi asibiti ko da yana tafiya da ƙafarsa. A lura da yawan fitsarinsa da launinsa.
- Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin. Da gudawa ta fara a soma ba da ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti.
- Ajiye magunguna da katin asibiti da katin rigakafin yara da takardun fili a leda, a rataye a sama.
- Je sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambayi yadda ake samun shaidar mallaka ta gargajiya. Idan kun je a ƙungiyance ya fi sauƙi.

Sannan idan masu neman ƙuri'a suka zo da alƙawarin gidaje, ka tambaye su abu uku: a ina za a gina, nawa ne biyan, kuma wa zai rubuta sunaye? Amsar da suka bayar za ta nuna maka ko da kai aka yi lissafin. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu.